Daga Kwale-kwalen Patigi Zuwa Jirgin Titan: Wai Me Ke Sa Abu Ya Zama Labari?

In ka gamu da Bahaushe ka ce masa ina labari, amsar ɗaya ce, sai alheri, ko da kuwa daga maƙabarta ya fito. Sai an gama gaisawa an zauna tukunna zai ce maka af, ashe ba ka ji wane ya rasu ba? To a ɗakin labarai abin a juye yake, rasuwar ce ke gaba, alherin in ya samu wuri sai can ƙarshe kusa da labarin wasanni. Kuma ko a rasuwar ma ba kowacce ake ɗauka ba, nan ne inda ran mutane ke ɓaci, nima nawa na ɓaci, shi ya sa naga gara mu zauna mu warware zancen nan dalla-dalla maimakon kullum mu ce ai 'yan jarida munafukai ne mu tashi a haka ba mu ƙaru da komai ba.

Bari na fara da wani sati guda na watan Yunin 2023, don har yau abin bai bar raina ba. Ranar 12 ga wata cikin dare wani jirgin kwale-kwale ya kife wajen Patigi a jihar Kwara, mutanen daga biki suka fito a jihar Neja za su koma gida, sama da 100 suka mutu, mata da ƙananan yara birjik a ciki. Kwana biyu tsakani, ranar 14, wani jirgin kamun kifi da aka cusa wa 'yan ci-rani wajen 700 ya nutse a Bahar Rum kusa da gaɓar ƙasar Girka, mutum 104 kacal aka ciro da rai. Ranar 18 kuma wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan ya ɓace a Atlantika da mutum 5 a ciki, sun tafi kallon ɓaraguzan Titanic ne, kujera ɗaya dala 250,000. To wanne duniya ta tsaya cak a kansa? Ka san amsar. Kwana huɗu cur manyan tashoshi ba su da zance sai Titan, ana ta lissafin iskar shaƙa ta awa 96 da aka ce suna da ita, har wata tasha a Amurka ta manna agogo a gefen allo yana ƙirga abin da ya rage. A majalisunmu ma nan zancen ake, a shagon mai shayi ana musu ko suna raye ko sun mutu, alhali mutanen Patigi da aka binne kwana shida kafin nan da yawanmu ko sunan garin ba mu riƙe ba.

Amsa mai sauƙi ita ce ai waɗancan masu kuɗi ne, waɗannan kuma talakawa ne baƙaƙe. Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba, amma in muka tsaya nan mun bar rabin zancen a ƙasa. Duba abin da Titan ke da shi a hannu. Abu ne da yawancinmu ba mu taɓa jin irinsa ba. Ba a san ƙarshensa ba, kowace awa akwai dalilin ka sake buɗe waya ka ga ko an gano su. Mutum 5 ne, kowa da sunansa da hotonsa da tarihinsa, har da uba da ɗansa matashi. Ga sunan Titanic da duniya ta riga ta haddace. Sannan ga jami'an tsaron tekun Amurka kullum sai sun fito gaban kyamara sun yi bayani, wato ɗan jarida na zaune abinci na zuwa masa har inda yake. Patigi fa? Kafin labarin ya iso Ilori an riga an mutu an gama, babu rajistar fasinja balle a san mutum nawa suka hau, cikin dare ne ba wanda ya ɗau hoto, wurin nesa ne hanya ba kyau, kuma mu al'adarmu da addininmu ba a ajiye gawa, kafin mai kyamara ya iso an yi sutura an kai. Abin da ya fi duka ciwo shi ne ba sabon abu ba ne, an yi a Warrah ta jihar Kebbi a 2021, an yi a Bagwai ta Kano a ƙarshen shekarar, edita ya san za a sake yi.

Wannan ma'aunin ba yau aka gano shi ba. A 1965 wasu masu bincike biyu 'yan ƙasar Norway, Johan Galtung da Mari Ruge, suka bi yadda jaridun ƙasarsu guda huɗu suka ba da labarin rikicin Kwango da na Kuba da na Cyprus, suka fitar da abubuwa 12 da in abu ya tara su yake tsallake shinge ya shiga jarida. A ciki akwai cewa abin ya faru farat ɗaya cikin lokacin da ya dace da fitowar jarida, ya yi girma, ya zama ba ruɗani a cikinsa, ya shafi mutanen da mai karatu ke ganin nasa ne, ya zama ba zato, ya shafi manyan ƙasashe ko manyan mutane, a iya jingina shi ga mutum guda mai fuska, kuma ya zama mara daɗi. Har yau da wannan ake koyar da ɗaliban aikin jarida a jami'o'i. Amma shi Galtung ɗin da bakinsa ya faɗa daga baya cewa su gargaɗi suka rubuta, suna nuna inda labarai ke karkacewa, sai aka ɗauki gargaɗin aka mai da shi darasin yadda ake yi. Ni wannan maganar tasa ta fi jerin 12 ɗin amfani a wurina.

Don in ka lura da kyau, duk abin da ke kashe mu a hankali faɗuwa yake a wannan jarrabawar. Ɗauki zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa wajen mutum 600,000 yake kashewa a shekara a duniya, kuma kusan uku cikin kowane goma a Najeriya suke, yawanci yara 'yan ƙasa da shekara 5. Buga lissafin da kanka, wajen mutum 500 ke nan kullum ta Allah. Duk ɗan Kano mai ɗan shekaru ya tuna ranar 4 ga Mayun 2002 da jirgin EAS ya faɗo kan gidajen Gwammaja, sama da mutum 100 suka mutu har da ministan wasanni na lokacin, mutane za su gaya maka inda suke tsaye da suka ji ƙarar. To sauro na yin fiye da Gwammaja uku kowace rana, amma ɗaiɗai yake ɗauka, wannan a Gwarzo, wancan a Illela, wata a Gamawa, kowa a ɗakin uwarsa, ba ƙara ba hayaƙi ba wanda zai ɗauka a waya. Haka mutuwar mata wajen haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya a ƙasar nan ake yi, amma sai ranar da aka ware don tunawa da abin ko ranar da wata ƙungiya ta fitar da rahoto za ka ji shi a kanun labarai. Jarida da rediyo kullum suke fita, don haka abin da ya faru jiya suke nema, abin da ke faruwa kullum kuwa ba shi da jiya. Sabo ya cinye shi. Mu ma masu sauraro in za mu faɗi gaskiya mun saba, sai mu ce kwana ne ya ƙare mu shafa fatiha.

Sai kuma wani misali da ya fi kusa da mu. Ranar 25 ga Fabrairun 2014 'yan Boko Haram suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi a Yobe cikin dare suka kashe ɗalibai maza, rahotanni suka ce 59. An ba da labarin, an yi Allah wadai, kwana kaɗan aka wuce. Sati bakwai bayan nan, daren 14 ga Afrilu, aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. Mutane na mantawa cewa shi ma Chibok ɗin da farko bai yi wani tashe ba, don da safiyar ranar bam ya tashi a tashar Nyanya a Abuja ya kashe sama da 70, hankali na can, har sojoji suka fito suka ce an kuɓutar da kusan duka yaran daga baya suka janye maganar. Abin da ya canja lissafin abubuwa ne da suka taru lokaci guda. Iyaye suka ƙi yin shiru. Mata irin su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman suka fito zanga-zanga a Abuja ƙarshen watan da jajayen kaya, wato ga hoto ya samu. Maudu'in BringBackOurGirls ya kama a Twitter. Ranar 5 ga Mayu Shekau ya fito a bidiyo yana cewa zai sayar da su, ga mugu mai fuska ya samu. A satin kuma ake babban taron tattalin arziki na duniya a Abuja, manyan 'yan jaridun waje da kyamarorinsu duk suna gari. Ranar 7 Michelle Obama ta ɗaga kwali. Sannan ga babban bambancin, yaran Buni Yadi sun mutu, labarinsu ya rufe, 'yan matan Chibok suna raye a daji, ana iya cewa a dawo da su. A wannan satin dai na farkon Mayu aka kashe wajen mutum 300 a Gamboru Ngala, tambayi mutum goma yau ka ga nawa za su tuna.

Ba ina cewa an yi wa Chibok yawa ba ne, wallahi ko kusa, yaran nan sun cancanci fiye da haka ma, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Abin da nake nunawa shi ne yawan gawa kaɗai ba ya sa abu ya zama labari.

Hoto kuwa shi ne sarki, gani ya kori ji. 'Yan uwanmu na Nijar sun ga wannan da idonsu a 2005. Tun ƙarshen 2004 aka san fari da farin ɗango sun cinye amfanin gona, aka yi ta kira, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi agajin dala miliyan 16 a watan Mayu, kusan ba wanda ya motsa. Sai a Yuli da BBC ta nuna hotunan yara ƙashi da fata a cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a Maraɗi, nan take kuɗi suka fara zubowa, har Jan Egeland mai kula da agaji na Majalisar a lokacin ya ce abin da aka samu cikin kwana 10 ya fi na wata 10 da suka wuce. Yunwar ba a Yuli ta fara ba, kyamarar ce ta iso a Yuli. Kuma ka san abin takaicin, lokacin da agaji zai fi amfani kuma ya fi arha shi ne kafin yaro ya rame, amma yaron da bai rame ba tukuna ba shi da hoton da za a nuna. Haka aka yi a Habasha a 1984, sai da hotunan masu fama da yunwa a garin Korem suka fita a talabijin sannan duniya ta farka.

Akwai kuma maganar isa wurin, wadda masu zagi ba su cika sa ta a lissafi ba. A farkon Janairun 2015 Boko Haram ta afka wa Baga da ƙauyukan kewaye, a satin kuma aka kai hari ofishin mujallar Charlie Hebdo a Paris aka kashe 12. Shugabannin ƙasashe sama da 40 suka je Paris suka yi tattaki, har da Mahamadou Issoufou na Nijar. Baga kuwa gwamnati ta ce 150 ne suka mutu, wasu suka ce sun kai 2,000, sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Amnesty ta fito da hotunan tauraron ɗan'adam da suka nuna gine-gine wajen 3,700 da aka ƙone ko aka lalata a Baga da Doron Baga sannan aka ɗan gane girman abin. Ɗan jarida a Paris zai hau jirgin ƙasa minti ashirin ya isa wurin, ya samu 'yan sanda da asibiti da shaidu. Na Maiduguri in ya doshi Baga a wannan satin ba zai dawo ba. Edita kuma tsoron adadin da bai tabbatar ba yake, tsakanin 150 da 2,000 me zai rubuta a kanu? Amma duk da wannan uzurin, shugaban ƙasarmu na lokacin ya yi saurin aika ta'aziyya Faransa ya yi gum a kan Baga, ana tsakiyar kamfen, kuma in mai gida bai yi kuka ba da wuya maƙwabci ya riga shi. Irin wannan muka sake gani a Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sokoto da Kaduna na tsawon watanni, sai labarin hare-hare ya yi ƙasa, wasu suka ɗauka sauƙi aka samu, alhali wanda zai kira ya faɗa ne ba shi da sabis.

Kar kuma mu ɗora wa Turawa komai, mu ma nan gida muna da namu sikelin kuma shi ma a karkace yake. A littafi ana cewa kusanci na sa abu ya zama labari, amma kusancin ba na kilomita ba ne, na wa ya yi kama da ni ne. Ranar 28 ga Maris ɗin 2022 da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe aƙalla 8 aka kwashe sama da 60, an yi wata shida ana bibiya, kowane rukunin da aka sako sai an ba da labari har zuwa na ƙarshe a Oktoba. Ya cancanta. Amma a Janairun wannan shekarar dai mutanen Anka da Bukkuyum suka ce an kashe musu wajen 200, gwamnati ta ce 58, kwana uku zancen ya mutu. Me ya raba su? Jirgin nan shi editoci ke hawa, shi 'yan majalisa da daraktoci da likitoci ke hawa, duk wanda ke zaune a taron safe na ɗakin labarai ya san wani da ya san wani a ciki. Manomin Bukkuyum ba shi da ɗan uwa a Twitter, ba shi da lambar wakilin kowace kafa, in an sace matarsa gonarsa zai sayar ya biya kuɗin fansa a shiru.

To sai mu zo kan wanda ba a rubutawa a littafin koyarwa, kuɗi da tsoro. Tura wakili ƙauye kwana uku kuɗin mota ne da masauki da haɗarin hanya, zuwa taron manema labarai a gidan gwamnati kuwa kyauta ne, har a miƙo takardar jawabi a rubuce, a ƙarshe a miƙo ambulan a ce ga kuɗin mota. Wakilin da kafarsa ta yi wata huɗu ba ta biya shi albashi ba, wanne kake ganin zai je? In baki ya ci ido kan ji kunya. Shi ya sa rabin labaran da muke ji gwamna ya ce, kwamishina ya bayyana, ɗan majalisa ya yi kira, ba wai wani abu ya faru ba ne, wani ne mai muƙami ya buɗe baki. Gidajen rediyo masu zaman kansu da filin siyasa da talla suke rayuwa, sojojin baka su sayi minti goma su cika gari da hayaniya, gobe hayaniyar ta zama labari. Wanda ya yi ƙoƙarin fita daga layi kuma ya gamu da hukuma, a Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da suka yi kan 'yan bindigar daji, a Nijar kuma sojoji suka dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, BBC ma aka rufe ta wata uku a Disambar 2024. Edita in ya ga haka, gobe ba sai an kira shi a waya ba, da kansa zai auna. Wannan ma ba sabo ba ne a wurinmu, Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a Janairun 1939 Turawan mulki ne suka kafa ta ana dab da yaƙin duniya don su riƙe abin da jama'a ke ji, duk da Abubakar Imam ya yi amfani da basirarsa ya shigar da koken mutane ta wasiƙu da sharhi. Tun ranar farko mai jarida na da bakin magana a kan me za a kira labari.

Yanzu kuma wani edita ya ƙaru, mu ne. Wasu masu bincike biyu a Ingila, Tony Harcup da Deirdre O'Neill, sun sake duba jerin Galtung a 2001, suka kuma sabunta shi wajen 2016, a karo na biyun suka ƙara wani ma'auni, wato ko mutane za su tura wa junansu abin a Facebook da makamantansu. A ɗakunan labarai na yanzu ana kallon alƙaluma kai tsaye, wane labari aka fi dannawa, minti nawa aka yi a kai, sau nawa aka yaɗa. Kai da ka tsallake rahoton ƙarancin malamai a firamare ka danna wata jarumar Kannywood ta fito daga gidan miji, ƙuri'a ka kaɗa, kuma an ƙirga ta. Ka tuna 2018 da aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi, da 2019 da aka ce goggon biri ya cinye miliyan 6.8 a gidan zoo na Kano har gwamna ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan? Duniya duka ta ɗauka. Kuɗin da ke ɓacewa a kwangilar hanya ɗaya ya ninka waɗannan sau ɗari, amma shi sai an karanta kasafi an bi takardu, ba maciji a ciki. Ko ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, kafafen waje da dama ta kan kadoji da macizan da suka kuɓuce daga gidan zoo suka shigo labarin, ga dubban ɗaruruwan mutane ruwa ya kora daga gidajensu. A Kano tun Mayun 2024 rikicin sarauta ya mamaye komai, ga manya, ga rigima, ga ɓangare biyu da kowa zai zaɓi nasa, ga kotu kullum da sabon zama, duk ma'aunin ya cika. Cutar mashaƙo da ta ɓarke tun ƙarshen 2022, wadda Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu ita kuma allurar rigakafi ce ke hana ta, ba ta samu ko kashi ɗaya cikin goma na wannan surutun ba.

Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa a daina ba da labarin ban mamaki ko na manya. Ɗan'adam haka aka halicce shi, ko a da can sanƙira in zai yi shela sai ya buga ganga tukuna, kuma jaridar da ba a karantawa ba ta amfani kowa ba komai muhimmancin abin da ke cikinta. Shugaban ƙasa in ya kwanta asibiti labari ne na gaske don ciwonsa ya shafi mutum miliyan 200. Inda nake da ja shi ne a ɗauka abin da ya ja hankali shi ne abin da ya fi muhimmanci, ko edita ya fake da ai abin da mutane ke so ke nan. Ni a wurina tambayoyin da ya kamata a yi a taron safe su ne mutum nawa abin ya taɓa wa rayuwa, akwai wanda ke da alhaki da za a iya tambaya, kuma in jama'a suka sani akwai abin da zai iya canjawa? Mutuwar Patigi ta ci waɗannan duka, don akwai hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, akwai dokar hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, akwai maganar rigar ruwa. Aikin ɗan jarida na ƙwarai shi ne ya ɗauki irin wannan ya yi masa abin da aka yi wa Titan, ya koma garin bayan wata uku, ya samo uwa ɗaya da ta rasa 'ya'ya huɗu ya bar ta ta yi magana da bakinta, ya tambayi hukuma rigunan da aka yi alkawari guda nawa suka iso. Bibiya ce muka fi rauni a kanta, muna da zafin da ɗumi-ɗumi amma ba mu da haƙurin komawa.

Kuma an taɓa yi ya yi aiki. A 2010 likitocin MSF suka gano gubar dalma daga haƙar zinare na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wajen yara 400 suka mutu. An share ƙasar wasu ƙauyuka, amma Bagega da ta fi su girma aka bar ta, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi ta yi shiru, likitoci kuma suka ce ba za su iya fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar don yaro zai koma ya sake shaƙa. Labari ne irin mai mutuwa a hankali, ba fashewa ba hayaƙi. Sai wasu matasa irin su Hamzat Lawal tare da Human Rights Watch suka ba shi abin da ya rasa, suka ba shi suna guda, Bagega, suka kawo hotuna da muryoyin iyaye, suka faɗi adadin kuɗin da aka yi alkawari da ofishin da ya maƙale, suka nuna cewa damina na tafe kuma in ta sauka aikin ba zai yiwu ba, wato suka sa masa agogo, sannan suka tura jama'a shafin shugaba Jonathan na Facebook suna tambaya. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka fara kwashe ƙasar, daga baya yara suka fara karɓar magani.

Don haka in gadar garinku ta karye ko asibitinku ba likita kuna son a ji, kar ku kira wakili ku ce muna cikin wani hali gwamnati ta taimaka, irin wannan kiran sau ashirin yake samu a rana. Ku gaya masa ranar da ta karye, ƙauyuka nawa ta raba da kasuwa, ku ɗauki bidiyo da rana a ga wurin sosai, ku nemo mutum biyu da abin ya shafa da suka yarda a naɗi muryarsu, in an taɓa sa aikin a kasafi ku faɗi shekarar da adadin, ku ba shi lambar shugaban ƙaramar hukuma don ya ji ta bakinsa. In ya ba da labarin ku yaɗa, bayan sati biyu ku sake kiransa ku gaya masa an zo ko ba a zo ba.